Awakin Miletus da aka daɗe ana cewa na Rodos ne

Daga Izmir na shiga bas zuwa Soke, a can na kama 'yar motar hayar da Turkawa ke kira dolmush zuwa ƙauyen Balat. Hagu da dama gonakin auduga ne iya ganinka. In aka ce maka teku ne a nan da, sai ka yi musu. Kogin Menderes ne ya yi ta kwaso laka har ya cike gaɓar, shi ya sa Miletus, babbar tashar jiragen ruwan Girkawan gabas, yau take tsakiyar gonaki, kusan kilomita 10 daga teku.

Masu yawon buɗe ido duk sun yi wajen katon filin wasan kwaikwayo na dutse. Ni tukwane suka kawo ni, sai na wuce ƙaramin gidan kayan tarihin da ke kusa.

Zanen da na fi daɗewa a gabansa shi ne na awakin daji, wanda ya yi tashe daga wajen 650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Magini zai shafe jikin butar da farar ƙasa, sannan ya jera awaki layi-layi, kai a ƙasa suna kiwo, ƙaho ya lanƙwasa har gadon baya. Jikin akuyar baƙi ne sitik, amma kan da layi kawai aka fitar da shi, aka bar farin ciki, har ido kana gani. Duk ɗan sararin da ya rage tsakanin ƙafafu an cusa masa fure ko ɗigo, kamar mai ɗinkin hula da ba ya son barin fili. Ta gindi kuma furen bado ne da tohonsa, ɗaya bayan ɗaya. Ba wuƙa a aikin. Maginan birnin Korinti na Girka kan karce zanensu da tsinke, na Miletus kuwa da buroshi suke gamawa, kuma ni nasu ya fi kwanta min.

An daɗe ana kiran tukwanen nan na Rodos, don a kaburburan Kamiros, tsohon gari a wannan tsibiri na Girka, aka haƙo su da yawa a ƙarni na 19. Sai da masana suka gwada yumɓun a ɗakin bincike aka gane galibinsu na Miletus ne, fatake ne suka kai su can, suka kai wasu Naukratis ta Masar da garuruwan Bahar Aswad. An ma tono wuraren gashin a tudun Kalabaktepe, nan kudu da kufan birnin.

Salon da ya biyo baya, Fikellura, shi ma sunan maƙabartar Rodos yake ɗauke da shi har gobe. Tuluna ne masu jerin jinjirin wata da fakara, wani lokacin mutum ɗaya tal yana gudu a farin fili. Kasuwarsu ta mutu wajen 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekarar da Farisawa suka ci Miletus da yaƙi suka rushe ta.