Inda na kai da kiwon kifin sulke a tankin gilashi

'Yan uwa masu koyon kiwon kifin ado, ga halin da ake ciki a tankina mai lita 80, inda nake kiwon Corydoras. Ƙananan dangin tarwada ne, asalinsu kogunan Kudancin Amurka, jikinsu jere da faranti biyu na ƙashi a kowane gefe maimakon ɓawo, shi ya sa ake ce musu masu sulke. Na zuba guda shida, don idan ba su kai haka ba sai su yi ta ɓuya.

Masu sayarwa kan ce ai su ne masu sharar tanki, ba sai ka ba su abinci ba. Kada ku yarda. Ba sa cin kashin kifi, gansakuka ma ba abincinsu ba ce. Ragowar da ke faɗowa daga sama ba ta isarsu, musamman idan akwai kifaye masu rawar kai da ke cafke komai tun bai nutse ba. Yanzu sai na kashe fitila da daddare nake jefa musu ƙwayoyin abinci masu nutsewa, lokaci-lokaci kuma in yayyanka musu tana ƙanana bayan na wanke ta. Abin da ya kwana bai ƙare ba, da safe nake zuƙe shi da tiyo.

Gashin bakinsu nake dubawa kafin komai. Da shi suke tonon ƙasa suna lalubo abinci, kuma tsakuwa mai kaifi ko datti da ya taru a ƙasan tanki yana cinye shi. Yashi mai laushi na shimfiɗa, wankakke sosai. Za ka ga sun cusa kai ciki, yashin na fitowa ta kumatunsu.

Ruwa kuwa, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari nake sauyawa duk mako. Amoniya da naitarait, gubar da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa, dole su tsaya a sifili, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6.5 da 7.5 ya wadatar. Ruwan famfo sai an ɗiga maganin kulorin. Gishirin da masu kiwon tarwada ke zubawa a kududdufinsu, ku bar shi can. Waɗannan ba sa jure shi da yawa.

Zafi ne abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Irin Corydoras da ake kira paleatus ya fi son digiri 18 zuwa 24, ga mu kuma a watan Afrilu. Irin da ake kira sterbai ne ke ɗaukar har 28, don haka shi nake ba mutanenmu shawara. Ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take, in an ɗauke wuta kuma famfon iska ya tsaya. Na nemo mai batir, na kuma buɗe murfi ina hura fanka a saman ruwan. Kifayen nan, tsalle ɗaya zuwa sama su haɗiyi iska ɗabi'arsu ce, ta hanji suke tsotse ta. Idan abin ya zama babu ƙaƙƙautawa, ku gwada ruwan.

Wajen kamawa ku yi amfani da kofi, ƙayoyin fiffikensu na maƙalewa a raga.

Abin da ke gabana shi ne gwada sauya ruwa da mai ɗan sanyi, digiri biyu ko uku ƙasa, don hakan kan tunzura su yin ƙwai a jikin gilashi. Sai damina ta faɗi tukuna.