Ranar da na ƙona ƙirjin kaza a gaban uwar mijina

Har yau idan na kalli kurfotin nan sai raina ya sosu. Wata Talata ce, na taso daga makaranta a gajiye, na biya Tarauni na sayi kajin gidan gona biyu, na sa aka fige aka ware min tsokar ƙirjin daban. Ina shiga gida na tarar gas ya ƙare, ga kuma Hajiya, mahaifiyar maigida, ta zo daga cikin gari za ta kwana biyu. Na ce a raina ai abin bai kai ya kawo ba, ƙirji ne, ba ƙashi ba fata, in gasa a gawayi a ci da sauran shinkafar rana. Minti ashirin an gama.

Na zuba gawayi, na yayyafa kananzir, na ƙyasta ashana. Wuta na ci bal-bal na ɗora waya, na jera tsoka huɗu da na riga na turmusa cikin yajin ƙuli. Sai aka kira magariba, na ce bari in yi sallah in dawo in juya.

Abin da na dawo na tarar ba ya faɗuwa. Waje baƙi ƙirin, ga warin kananzir ya kama naman. Na yanka ɓangaren mai kauri, ciki ja-ja, bai ma san an ɗora shi a wuta ba. Siririn gefen kuwa ya bushe kamar ƙirgi. Tsoka ɗaya, ƙonanniya, ɗanya, busasshiya. Kuma kowa ya san kuɗin kaza a yanzu.

Hajiya ta leƙo tsakar gida, ta dubi wayar, ta dube ni, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar nan." Wallahi da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Maigida bai ce uffan ba, ya saka hula ya fita bakin layi ya sayo tsire.

Washegari da na bi ta wajen mai tsiren na tsaya ina kallon tukubarsa, abin da nake wucewa kullum ban taɓa lura ba. Ba tsinke ko ɗaya a kan harshen wuta, duk a gefe ya kafa su, zafi ne kawai ke isa gare su. Na ba shi labari, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai garwashi ke gashi, harshen wuta ƙuna yake." Ƙuli-ƙuli kuma gyaɗa ce, da sauran mai a jikinta, tana ganin wuta take kamawa. Ni kuwa na lulluɓe naman da shi tun yana ɗanye na miƙa wa wutar kananzir.

Alhamis ta sama na sake, don abin ya tsaya min a rai. Wannan karon gawayin na fara hurawa tun kafin in cire mayafi, da guntun kwali da ɗigon man gyaɗa da mafici, ba kananzir. Yana buƙatar minti 15 zuwa 20 kafin ya rufu da farar toka, kuma wannan jiran shi ne duk abin da na ƙi yi ranar Talata. Kafin nan na jiƙa naman a ruwa lita ɗaya da gishiri cokali uku na rabin awa. Ƙirji ba shi da kitse irin na cinya, ruwan gishirin ne ke taimaka masa ya riƙe danshi. Na tsane shi, na sa a leda na bubbuga ɓangaren mai kaurin da muciya har ya daidaita da siririn, kaurin bai wuce babban yatsa ba. Mai, citta, tafarnuwa, masoro, shi ke nan.

Garwashin na tara shi gefe ɗaya na bar ɗaya gefen ba komai. Minti huɗu zuwa biyar kowane ɓari a kan zafin, sannan na ja shi gefen da ba wuta, a nan ne na barbaɗa yajin. Masu ma'aunin zafi digiri 74 suke nema a tsakiyar naman. Ni wuƙa na soka a inda ya fi kauri, na ga fari har ciki, ruwan da ya fito garau. Na rufe shi da faranti minti biyar kafin in yanka, in ba haka ba ruwan a tire zai tsiyaye. Kuma tsaye nake a kansa tun daga farko har ƙarshe, sallah ma sai da na idar na ɗora.

Ya yi laushi, yara har da lashe yatsu, kafin isha'i mun wanke hannu. Sai dai Hajiya ta riga ta koma gida tun Laraba da yamma. Ranar Juma'a da muka je gaishe ta, muna zama ta dube ni a gaban ƙannen mijina ta ce, "'Yar nan, ya gashin kaza?"