Godiya ga duk wanda ya taya mu yi wa Mama Daso addu'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaman addu'ar da muka shirya wa marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, 'yar wasan finafinan Hausa wadda aka fi sani da Daso, ya yiwu ranar Asabar ɗin da ta wuce. An taru lafiya, an watse lafiya. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi kowa shan wahala sun roƙe ni kada in kama sunansu, don haka zan ambaci kowa da aikin da ya yi. Wanda ya ga na tsallake shi ya yi mini afuwa, ladansa yana wurin Allah.

Saboda masu bugo waya suna tambaya, bari in fara da bayyana ko mu su wane ne. Mu ba danginta ba ne, ba kuma wata ƙungiyar 'yan fim ba ce ta turo mu. Tsofaffin masu shagon hayar kaset ne na nan Kano, da wasu da suka yi dakon kaset da fosta daga Ƙofar Wambai da Bata zuwa unguwanni da ƙauyuka. Da fuskar baiwar Allahn nan muka ci abinci shekara da shekaru. Wasunmu da kuɗin hayar finafinanta suka yi aure, wasu da shi suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Allah ya karɓi ranta ranar Talata, 9 ga Afrilu 2024, wato 30 ga Ramadan 1445, tana da shekara 56. Ta yi sahur ta kwanta, ba ta farka ba. Ranar jajibirin Sallah ce, kowa yana tsakiyar hidimar gidansa, wasunmu ma sun riga sun tafi garuruwansu. Tun daga lokacin muke jin akwai bashinta a kanmu.

Godiyata ta farko ga limamin unguwarmu. Da na je masa da maganar, gabana yana faɗuwa, don na san yadda ake kallon 'yan fim a wasu zaurukan. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Musulma ce ta rasu, kuma addu'a ga mamaci ba ta tambayar sana'arsa. Sharaɗinsa kawai kada a yi kiɗa, kada a cakuɗa maza da mata, kuma kada a mai da abin bikin da za a riƙa yi duk shekara. Haka aka yi. Shi ya buɗe da addu'a, shi ya rufe, kuma bai tashi ba sai da aka kira la'asar. Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai shugabar makarantar Islamiyyar matan aure da ta ba mu farfajiyarta. Asali wani ɗakin taro muka kama, mun biya rabin kuɗi. Ana saura kwana kaɗan mai wurin ya ji cewa don 'yar fim ake taron, sai ya aiko mana da kuɗinmu a ambulan, ko dalili bai rubuta ba. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Malama da ta ji labari, ita ta aiko a kira ni, ta ce a kawo tabarmi kawai. Ɗalibanta suka share wurin, suka yayyafa ruwa, suka ɗaura labule tsakanin maza da mata, su ne kuma suka sauke Alƙur'ani da safe. Ko sisi ba ta karɓa ba. Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a.

Wasu matasa sun tambaye ni a wurin, me ya sa Daso, alhali ga jarumai da yawa da suka fi ta fitowa a gaban fosta? Amsar da na ba su a gurguje ita zan faɗaɗa a nan, don ita ce ainihin abin da ya tara mu.

Asalin gidansu Gombe ne, an haife ta ranar 17 ga Janairu 1968, kuma ta yi aikin koyarwa kafin ta shiga fim. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya a shekarar 2000, kamfanin da ya fitar da Sangaya. Wato tana da shekara 32 ta fara, shekarun da yawancin 'yan matan masana'antar sun riga sun yi aure sun bar harkar. A wancan zamanin duk yarinyar da ta shigo burinta ta fito a jaruma: a yi mata kwalliya, a ba ta waƙa, a ɗora hotonta a gaban kwalin kaset. Akwai kuma rol ɗin da kowa ke gudu: uwar miji mai baƙin hali, kishiya mai makirci, matar uba mai gallaza wa marainiya, mai safa da marwa a gidan boka. Ana gudunsa ne don 'yan kallonmu ba sa raba fim da gaskiya. Wadda ta fito a muguwa, a kasuwa ma muguwa ce, a gidan biki ma haka, har 'ya'yanta sai an yi musu gori a makaranta. Daso ta rungumi wannan rol ɗin, ta yi shi tsakani da Allah, ta zare ido, ta ɗaga murya, ta riƙe ƙugu, har sai mai kallo ya ji zuciyarsa na tafasa.

Mu da muke bayan kanta mun san darajar hakan fiye da kowa. Uwargida za ta aiko yaro da kuɗin haya, saƙon shi ne a ba shi sabon fim, amma a duba ko akwai Daso a ciki. Idan akwai, kaset ɗin ba ya kwana a shago. Washegari yaron zai dawo da shi yana ba ni labarin yadda iyayensa mata suka yi ta jan Allah ya isa a gaban talabijin, kuma a ranar za su sake aikowa a ba su kashi na biyu. Kukan da ake yi wa jaruma, Daso ce ta jawo shi. In babu mai cutar da marainiyar, babu tausayin, babu kashi na biyu, babu cinikinmu. Ni dai a ganina ba a taɓa ba masu wannan rol ɗin haƙƙinsu na yabo ba, kyaututtukan ma galibi wajen jarumi da jaruma suke tafiya. Wanda ya kalli Nagari ko Gidauniya ko Mashi ko Sansani ya san abin da nake faɗa.

Ga kuma juriya. A ƙarshen shekarar da ta fara, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka sake tsayar da ɗaukar fim na tsawon watanni, zamanin shugabancin Malam Abubakar Rabo a hukumar ya zo da tsanani, wasu 'yan fim suka koma Kaduna da Jos da aiki. Kaset ya wuce, faifan CD ya zo, masu satar fasaha suka kashe kasuwar, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube. Mu shagunanmu duk sun rufe, wasu sun koma cajin waya, wasu tura finafinai, ni na koma sayar da kayan masarufi. Ita kuwa tana nan, shekara 24 ana damawa da ita, tana gidan mijinta tana sana'arta, har yaran da ba su taɓa ganin kaset ba suka san ta ta gajerun bidiyon barkwancin da take sakawa a waya. A 2016 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ba ta matsayin jakadiya. Matar da aka yi shekaru ana tsine wa a falo, ita ce fada ta ga ta cancanci wannan amana.

Shi ya sa godiyata ta musamman take ga wata dattijuwa maƙwabciyar tsohon shagona, wadda duk muke kira Inna. A da in fim ya ƙare Inna har shago take zuwa da kanta ta ce in daina kawo finafinan matar nan, tana koya wa kishiyoyi sharri. Ranar Asabar jikanta ya kawo ta a Keke Napep, ƙafa ba ta takuwa sosai. Ta kira ni bakin labule, ta kwance bakin zaninta, ta ciro kuɗi a nannaɗe ta ce a sa a sadaka. Ta ce ta zagi baiwar Allahn nan ba adadi a kan abin da ba ta aikata ba, tana so a shaida ta nemi yafiyarta. Na kasa ce mata komai. Inna, Allah ya karɓa, ya ba ki lafiyar ƙafa.

Ina godiya ga wata tsohuwar 'yar wasa, cikin masu fitowa a iyaye, da ta zo ba tare da mun aika mata ba. Ta yi wa mata bayani ta cikin labule yadda aikin lokeshan yake: a fita tun sanyin safiya, a wuni ana jiran a zo kan fitowarka, a maimaita magana ɗaya har darakta ya gamsu, wani lokaci kayan sawar ma daga akwatinka za ka zo da su. Da yawa ranar suka fara jin haka. Wanda ya tuna hirar da tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a 2022, inda ta yi maganar naira dubu biyu zuwa dubu biyar da ake ba ta in ta fito a fim, da ƙurar da hirar ta tayar, ya san maganar sallamar iyaye mata a masana'antar ba sabuwa ba ce. Baƙuwar tamu ita ta roƙi a haɗa da sauran matan da suka riga mu gidan gaskiya, Malam kuwa ya ambace su ɗaya bayan ɗaya: Balaraba Muhammad, Hauwa Ali Dodo da ta rasu a hatsarin mota a 2010, A'isha Ɗankano, Hauwa Maina a 2018, Zainab Booth a 2021. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Hajiya, mun gode da wannan tunatarwa.

Bayan an shafa fatiha ne muka buɗe kwalayen da aka tara. Tun da muka fara shiri muka yi cigiyar duk mai tsohon kaset ko faifan da Daso ta fito a ciki. Abin da ya fito daga ƙarƙashin gadaje da saman silin ya ba mu mamaki, ya kuma ba mu tausayi. Wasu zaren ya yi fumfuna fari fat, wasu gara ta cinye kwalin, wasu faifan sun kakkarce ba sa tashi. A nan dole in tsaya in gode wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Shi ya tono tsohuwar na'urar bidiyo daga bayan shagonsa, ya canza mata bel, ya goge kanta da auduga. Kaset ɗin da zarensa ya tsinke sai ya kwance kusoshinsa, ya yanke wurin da ya tauye da reza, ya haɗa bakin biyu da siririn salatif, ya naɗe da ɗan yatsa a hankali kamar mai ƙulla wa jariri cibiya. Da hoton ya fito yana rawa, muryarta ta tashi, sai ya cire tabarau ya goge ido. Ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Baba, Allah ya albarkaci hannun nan.

Haka yaran nan biyu ɗalibai da suka riƙa zuwa da kwamfutarsu bayan sallar isha'i suna kwafe abin da ya tashi, wuta ta ɗauke su jira, ta dawo su ci gaba. Ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da wasu finafinan suka fito. Allah ya ba ku sa'ar karatu.

Godiya ga abokin cinikinmu na Maraɗi, wanda a da yake zuwa Kano sarin kaset yana kaiwa har Damagaram. Ya aiko da kwali guda ta hannun direba, kuma nasa sun fi na kowa tsabta, kowanne da kwalinsa. Ya ce mutanen Nijar ma nasu rabon na kukan da dariyar suka sha, don haka a sa da su a addu'a. An sa, Alhaji.

Matanmu da 'yan'uwanmu mata da suka kwana a gindin murhu, waɗanda suka kawo shinkafa, mai, itace da ruwan leda, matasan da suka yi jigilar tabarmi da kujeru suka kuma raba wa almajirai abinci cikin tsari, mai unguwa da ya turo wakili, duk mun gode. Waɗanda suka rubuto mini cewa ba su yarda da taron ba, amma suka faɗa cikin ladabi suka kuma yi mata addu'a daga inda suke, ku ma mun gode.

Game da kuɗi: abin da ya rage bayan an biya kayan abinci da man janareta, mun raba shi biyu. Rabi an kai wa marayun makarantar da ta karɓe mu, rabi an sayi ma'ajiyar da aka zuba finafinan a ciki. Takardar lissafi tana wurin ma'ajinmu ga duk wanda ya ba da gudummawa yake son gani. Finafinan kuwa ba za mu ɗora su a YouTube ko wani wuri ba, haƙƙin masu su ne, kuma mun ga abin da satar fasaha ta yi wa kasuwarmu. Duk furodusan da nasa yake ciki, ko magadansa, ya zo ya karɓi kwafinsa kyauta. Har yanzu muna neman Linzami da Wuta mai kyau, wanda muka samu farkonsa ya lalace. Mai shi ya taimaka ya ba mu aro, za a kwafa a mayar masa da abinsa.

Allah ya jiƙan Hajiya Saratu, ya yafe mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba mijinta da sauran iyalanta haƙurin rashinta. Amin.

Wassalamu alaikum.