Agogunan Gaban Tsohuwar Charger Tawa

Tun da na kawo motata Dodge Charger ƙirar 1969 nan Gusau, agogunan gabanta ne suka fi ba ni wahala. Wanda na fara cirewa shi ne amita, wato agogon da ke auna yawan wutar lantarkin da ke shiga batir ko fita daga cikinsa, domin wutar da ke cajin batir ta cikinsa take ratsawa, kuma idan mahaɗar waya ta tsufa takan yi zafi har ta narke. Na sa mai gyaran waya ya maye gurbinsa da ma'aunin bolt, wato agogon ƙarfin wutar lantarki, wanda ke nuna kusan bolt 14 idan inji yana aiki. Agogon zafin inji ma na sabunta shi, saboda ranar Afrilu a Zamfara ba ta wasa. Agogon gudu kuwa na bar shi da lissafinsa na mil, domin tsufansa yana burge ni.