Talata, tsinin da ya ƙi sauka

Da asuba wani tsinin sigina siriri ya fito a allon na'urarmu ta farautar aksiyon, kusa da mitar gigahaz 1, faɗinsa bai wuce kilohaz 1 ba. Daidai siffar da lissafi ya ba aksiyon ke nan, wato ƙwayar da masana ke hasashen akwai ta amma ba a taɓa gano ta ba: faɗin layinsa kashi ɗaya cikin miliyan na mitarsa. Aka mayar da sandar saita mitar na'urar wurin, aka sake saurare har sau uku. Yana nan.

Malam ya shigo, ko jaka bai ajiye ba. "A sauke maganadisun zuwa rabi."

Na ce, "Malam, firjin fa? Da ƙyar ya kwanta."

Ba raki ba ne. Duk sanda ƙarfin maganadisu ke canzawa, wutar lantarki na kewayawa a jikin tukunyar jan ƙarfen da muke sauraren siginar a cikinta, wadda firjin ke sanyayawa, ta ɗumama ta. Tukunyar da aka sha wuya aka kai kusa da milikelbin 100, wato dab da iyakar sanyi, sai zafinta ya fara hawa. Dole a sauke a hankali, awanni, a jira sanyi ya dawo, a sake saita amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sigina, wadda ita ma ba ta shiri da maganadisu ko kaɗan.

Ya ce, "To ta yaya za ka san aksiyon ne?"

Ba amsa. Dabarar da Pierre Sikivie ya kawo a 1983 a kan abu ɗaya ta tsaya: cikin maganadisu mai ƙarfi aksiyon kan rikiɗe ya zama igiyar rediyo, ƙarfinta kuma na bin ƙarfin maganadisun sau kansa. In aka sauke maganadisun daga tesla 8 zuwa 4, tsinin gaskiya sai ya koma rubu'i. Siginar da ta kutso ta bakin waya ko ta wata na'ura a ɗakin ba ruwanta da maganadisu. Abin da ake farauta bai wuce wat 10⁻²³ ba, don haka ko ɗan sakin sukurun haɗin waya ya isa ya ruɗi mutum.

Abincin rana a tsaye. 

Bayan la'asar muka duba. Tsini yana nan daram, ko gezau.

Ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, murmushin Malam ne. Bai yi mamaki ba, ko kusa. A ADMX, gwajin neman aksiyon da ke birnin Siyatil na Amurka, da gangan ake cusa siginar aksiyon ta bogi ba tare da masu nazarin sun sani ba, don a ga ko idonsu biyu. Ta bogin ma maganadisu ba ya taɓa ta. Tun da na dawo gida nake juya fuskar nan tasa.

Daren nan babu bincike. Saurin sharar mita na bin ƙarfin maganadisu sau kansa har huɗu, a rabi aikin awa ɗaya sai ya ci 16. Gobe da safe a sake hawa.