Ranar da na mayar da doka alkawari

A sakandare an koya mana cewa "shall" da "will" Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk suna nuna abin da zai faru nan gaba. Da wannan guntun sani na karɓi aikin fassara wasu sassan Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 domin wani shirin rediyo na wayar da kan jama'a, ina ganin abin kamar shan ruwa.

Sashe na 35 ne ya fara tona mini asiri. Inda Turancin ya ce "shall", sai na rubuta: "Duk wanda aka kama za a kai shi kotu cikin lokacin da ya dace." Mai duba mana aiki wani dattijo ne da ya tsufa yana tafinta a kotu. Ya gyara zaman tabaraunsa, ya ɗora jan biro a kan "za a", ya ce, "Ɗana, yaushe za a kai shi?"

Na ce, "Baba, ai haka Turancin ya faɗa."

Ya ce, "Turancin bai yi wa kowa alkawari ba, umarni ya bayar. Uwar da ɗanta ya kwana bakwai a bayan kanta, in ta ji ka ce za a kai shi, gida za ta koma ta ci gaba da jira. In ta ji dole ne, gobe da sassafe tana ofishin 'yan sanda." Sannan ya nuna mini ƙasan sashen, inda aka fayyace lokacin: kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Ni kuwa na ɗauki haƙƙin mutum na mayar da shi irin maganar 'yan siyasa a filin kamfe.

Dattijon nan ne ya ba ni ma'aunin da nake aiki da shi har yau, kuma daga Islamiyya ya ɗauko shi. "Shall" da "must" wajibi ne. "Shall not" haramun ne. "May" halal ne, in ka so ka yi, in ka so ka bari. "Should" kuwa ta fi kusa da mustahabbi, shi ya sa ta fi yawa a takardun shawara da rahoton kwamiti. Ma'aunin ba ya rasa ɗan gargada, domin akwai inda alƙalai suka karanta "may" a matsayin tilas, musamman in jami'in gwamnati aka ba iko don amfanin jama'a. Amma ya ishe ni fita kunya.

Sai kuma na zaƙe. Duk inda na ga "shall" sai in danna "dole" ina jin daɗi, har na iso sashe na 55. Can aka ce wajibi ne a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci, amma sai an kammala tanadin da ya kamata. Wannan 'yar jelar ta cinye wajibcin gaba ɗaya. Tun kundin 1979 maganar take nan, kuma har yanzu da Turanci ake muhawara a Abuja. Sashe na 97 ya fi shi gaskiya, domin bai ɓoye ba: majalisar jiha da Turanci za ta yi aiki, amma tana iya ƙarawa da wani harshen jihar in ta zartar da ƙuduri. Nan "may" ce a fili.

Sashe na 18 ya fi ba ni haushi. Ya ɗora wa gwamnati samar da ilimin firamare kyauta da "shall", sai ya biyo da sharaɗin in hali ya yi. Ga shi kuma yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya ɗaure wa kotuna hannu a kansa. Sai a 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya kyauta, wadda ta ba maganar haƙora.

Daga baya na gano ba mu kaɗai kalmar ke wahalarwa ba. A Amurka, lokacin da aka sake fasalin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya a 2007, an kori "shall" aka fi komawa ga "must". A ƙa'ida ta 56 an maye gurbin "shall" da "should", lauyoyi suka yi ta jayayya a kan ko ma'ana ta sauya, har aka dawo da ita a 2010. Masu harshen ke nan.

Ranar da za mu naɗi sashe na 55, na kawo wa Baba fassarori uku. Ya soke biyu, ya bar wadda ta ce "dole ne, da zarar an shirya". Mai gabatar da shirin ta karanta, ta ɗago kai ta tambaye shi wa aka ɗora wa shiryawar, kuma zuwa yaushe. Ya miƙa mata kundin ya ce ta nemo, shi ya duba shekara da shekaru bai gani ba.