Waƙa Takwas, Wata Uku a Situdiyo

Bayan Ƙaramar Sallah ƙanena ya zo mini da littafin da yake rubuta waƙoƙinsa, ya roƙe ni in riƙa raka shi situdiyo, domin a lissafinsa mako biyu ya ishe shi ya naɗi waƙoƙi takwas, a tace su, albam ya fito. Hujjarsa ita ce kowace waƙa ba ta wuce minti biyar ba, takwas ɗin duka minti arba'in ke nan, to ina kwanakin za su tafi? Ni ma a lokacin ban ga abin musu ba. Sai da Babbar Sallah ta zo ta wuce, naman layya ya ƙare a gidaje, sannan muka karɓi aikin a hannu.

Makon farko ko kusa da makirufo bai je ba. Zama yake yi gefen mai fiyano yana rera waƙa a hankali, shi kuma yana laluben kiɗan da zai dace da ita, kuma a nan ne aka gano cewa waƙoƙi biyu daga ciki sun fi ƙarfin muryarsa idan aka zo amshi, dole aka sauke su ƙasa aka sake gina kiɗan. Ɗaukar murya kuwa ta koya mini cewa maƙogwaro ba inji ba ne, domin bayan awa biyu ko uku muryar takan dushe, ko da mai ita bai ji ba. Akwai baiti guda da ya maimaita fiye da sau ashirin saboda kalma ɗaya da numfashinsa ke yankewa kafin ya kai ta. Ga ɗauke wuta, ga ƙarar janareta da ke kutsowa ta ƙasan ƙofa, ga 'yar amshi guda da ta yi tafiya, aka jira ta kwana goma.

Da na fara ƙorafi, sai injiniyan sauti na situdiyon ya tuna mini cewa tsawon aikin albam ba shi da ma'auni ɗaya ko a manyan situdiyo na duniya. A ranar 11 ga Fabrairu, 1963, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Beatles ta naɗi waƙoƙi goma na albam ɗinta na farko cikin yini guda a situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan. Shekara huɗu bayan haka, su dai waɗannan mutum huɗun, a wannan ginin, sun kwashe kimanin awa 700 kan albam ɗin da suka fitar a 1967. Ba ƙwarewarsu ce ta ragu ba. Waƙoƙin farko sun riga sun sha rera su a gaban jama'a dare da rana a biranen Hambog da Libaful, abin da ya rage kawai a kunna na'ura, alhali na 1967 a cikin situdiyon aka ƙirƙire su, ana ɗora sauti kan sauti. A ganina, wannan ne ya sa makaɗanmu na gargajiya irin su Mamman Shata suke iya zama da 'yan amshinsu da masu kalangu a ɗauki waƙa a zama guda, domin sun riga sun biya lokacin tun a fagen biki. Ƙanena kuwa bai taɓa rera ko ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a gaban kowa ba sai madubi.

Inda na fi mamaki shi ne wajen tace sauti, abin da 'yan situdiyo ke kira miksin. Na ɗauka ƙara ƙarfin wannan ne da rage na wancan. Ashe waƙa ɗaya takan ƙunshi layukan sauti talatin ko fiye, babbar murya daban, amshi daban, kowace ganga daban, kuma aikin injiniya shi ne ya samar wa kowane muhallinsa ba tare da ya danne ɗan'uwansa ba. A waƙa ta biyar ƙanena ya dage sai an sa kalangu na gaske, kuma da aka haɗa sai kalangun ya riƙa haɗiye wasu kalmomi, saboda amonsa da na muryar mutum suna zaune kusan wuri guda. Na ga injiniyan ya shafe rabin yini yana ɗan rage kalangun a duk inda kalma ta faɗo, yana mayar da shi idan an yi shiru, yana maimaita sakan goma har sai da na haddace su ba da son raina ba. Daga bisani ya cire abin kunnensa ya ce, "Malam, mu tashi haka nan, kunnena ya fara yi mini ƙarya." Ƙa'idarsa ita ce waƙa ɗaya a yini, sannan a kwana, a sake saurare da safe, a gwada ta a lasifikar waya da ta mota, domin a nan ne yawancin mutane za su ji ta.

Abin da ya fi cin lokaci, duk da haka, shi ne rashin yanke shawara. Duk sanda ƙanena ya kai waƙa gida ya kunna wa abokansa, sai ya dawo da sabon gyara, wannan ya ce a ɗaga murya, wancan ya ce ganga ta yi sanyi. Wannan ciwo ba nasa ne shi kaɗai ba. Bruce Swedien, injiniyan da ya yi aikin albam ɗin Michael Jackson na 1982, ya sha ba da labarin cewa ya tace waƙar "Billie Jean" sau 91, daga ƙarshe Quincy Jones, furodusan albam ɗin, ya sa aka koma kan ta biyu, ita ce kuma duniya ta ji. Da kwamfuta abin ya ƙara tsananta, tunda babu tef da zai ƙare, kuma babu gyaran da ba za a iya warwarewa ba.

Mataki na ƙarshe, wato daidaita ƙarfin waƙoƙin takwas don kada wata ta fi wata ƙara, kwana biyu kawai ya ɗauka. Da muka duba littafin da injiniyan ke rubuta awanni saboda biyan kuɗi, sai muka ga ainihin zaman aiki bai kai awa ɗari ba, sauran duk jira ne da komawa baya. Har yau idan na kunna waƙa ta biyar ina jin kalangun ya ɗan yi yawa a baiti na biyu, shi kuwa ƙanena ya riga ya cika rabin sabon littafi, kuma ya ce mini, "Yaya, wannan karon wata guda ya isa."